Maikano Na-Rada da Kyautar Suruki

A Dangora, idan damina ta fara ban kwana, aka baza masara a kan shimfiɗaɗɗen dutsen da ke bayan gari, hadari kuma ya haɗo daga gabas, mutane kan dubi sama sau ɗaya kawai. Daga nan sai su karkata kunne wajen gidan Malam Maikano. In an ji ƙarar ƙarfe, a kwashe shanya. In ba a ji ba, kowa ya ci gaba da abin da yake yi, ko da hadarin ya yi baƙi kamar gindin tukunya.

Maikano ɗan garin ne gaba da baya. Uwarsa ta haife shi a hanyarta ta dawowa daga birni, sunan ya bi shi. Ya yi elemantare a zamanin da ake tsoma alƙalami a tawada, ake goge gajeren wandon kaki da dutsen guga na gawayi, malami kuma ya duba farcen yaro kafin ya duba aikinsa. Daga nan ya wuce makarantar koyon sana'a, aka ɗauke shi aiki a wani filin jirgin sama, a gindin wani ƙaton ƙarfe mai juyawa a kan hasumiya ba dare ba rana. Rada ake ce da na'urar. Da shafa mata man giris ya fara, har ya kai ga buɗe cikinta yana gyara. Da ƙarfinsa ya fara ja baya sai ya dawo gida da akwatin sifana, da ciwon gwiwa, da wani guntun ƙarfen layin dogo irin wanda ake bugawa a makarantun mishan na da, ya rataye shi a jikin darbejiyar ƙofar gidansa. Mutane suka laƙaba masa Na-Rada.

Duk wanda ya zauna a gindin darbejiyar nan sai ya sha karatu, ko ya so ko bai so ba.

"Ka taɓa yin kuwwa a gindin duwatsun Doguwa?" haka yake farawa. "Muryarka ta tafi, ta bugi dutse, ta dawo maka. To, rada ke nan. Sai dai ita ba murya take jefawa ba, igiyar rediyo ce. Kun san gajeren zango da kuke kamo labaran duniya da shi? Waɗannan zangunan sun fi shi gajarta nesa ba kusa ba. A hannu ake auna su."

Sai ya ware babban yatsa da na tsakiya. "Taƙi guda, wannan shi ne El. Shi ke hango jirgi tun yana can ƙarshen duniya, ruwan sama bai dame shi ba." Ya nuna faɗin tafin hannu. "Es. Yana ganin jirgi, yana ganin hadari, ya ratsa ta ciki ya wuce." Ya haɗa yatsu uku. "Si." Ya kama gaɓar yatsa ɗaya. "Eks. Idonsa ya fi na shaho, amma ruwa mai ƙarfi na makantar da shi. Sai autansu, Ke-Yu, bai fi tsawon kwanson gyaɗa ba. Sa mai dogon taku yana ratsa gonar dawa bai san da kara ba. Ɗan tsako kuwa kowane kara sai ya yi karo da shi. Ɗigon ruwa shi ne karan."

Har awakinsa da waɗannan sunaye yake kira. Bunsurun shi ne El. Wata 'yar akuya mai idon sata ita ce Eks.

Mai yawan katse masa hanzari shi ne Malam Sunusi, mai tsangayar unguwar, wanda kuma taubashinsa ne, wato wasa ya halatta a tsakaninsu har kabari.

"Bokan Turai," in ji Malam Sunusi, "saukar ruwa ilimin Allah ne. Kai da ko gwiwarka ba ka iya gyarawa ba."

"Alaramma, ni ban taɓa cewa za a yi ruwa ba. Cewa nake yi ana yi, a can gabas, kuma ya nufo mu. In na ce maka ga jakinka can cikin gonar mutane, duba na yi?"

"Ba ni da jaki."

"Shi ya sa kake tafiya kamar shi."

Kayan aikin nasa ba wani abin kallo ba ne. Ƙaramin dish ne mai tsatsa, da dikoda, da 'yar talabijin a zaure, da batir na sola. Dish irin wannan da Ke-Yu yake aiki. Maikano ya juya shi ya fuskanci wani tauraron ɗan'adam da ke ƙasa-ƙasa a gabas, daidai inda hadari ke fitowa, don saƙon ya bi ta cikin hadarin kafin ya iso. Tasha ɗaya tak yake kamawa sosai, ta waɗansu mutanen gabas, inda wani mai ƙaton gashin baki ke girki daga safe har yamma cikin harshen da ba mai ji. Idan Maikano ya saita dish ɗin cif, sai ya ɗan doke shi da gefen hannu ya karkace kaɗan, don ya zama a bakin gaɓa, abu kaɗan ya ishe shi.

Amfaninsa a kaka yake fitowa. Hadarin kaka maƙaryaci ne. Yau ya haɗo ya yi rugugi ya watse ba ko ɗigo, gobe ya zo a sanyaye ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ido yana ganin baƙi, amma bai san ko da ruwa a ciki ba. In aka riƙa kwashe masara duk lokacin da gabas ta yi duhu, ba za ta bushe ba, sai ta yi fumfuna a buhu. In aka bar ta ruwa ya doke ta, abincin shekara ya tafi. Amma mai girki ba ya ƙarya. Hadari busasshe bai hana shi yanka albasa ba. In da ruwa na gaske, sai fuskarsa ta farfashe gida-gida, cokali ya tsaya a sama. Daga nan zuwa saukar ruwa, mutum zai yi alwala ya yi salla a natse. Sai Maikano ya fita ya bugi ƙarfe. A hankali matasa suka koyi leƙa zauren da kansu, su koma dutse su ce, "Hoto garau."

A bara aka aurar da 'yarsa ta fari, Zaituna, ga Lukman, wani yaro mai ladabi da ke aiki a injin casar shinkafa a Tudun Wada. Da kakar bana ta dawo gida haihuwa, ta sauka lafiya, namiji. Lukman ya ɗauki hutu ya zo ya sauka a gidan maƙwabta har a yi suna. Tsakaninsa da Maikano sai gaisuwa. Tun daga nesa yake tuɓe takalmi ya durƙusa, kansa a ƙasa. Maikano kuma ya dubi darbejiya ya amsa mata. Ko sunansa ba ya kamawa, sai dai ya ce "mutumin Tudun Wada". In ɗaya ya shigo zaure, ɗaya ya tuna yana da uzuri a waje.

A ɗaya daga cikin waɗannan fice-ficen ne Lukman ya ƙare wa talabijin ɗin kallo, tausayi ya kama shi. A ce surukinsa, mutumin da ya yi aiki a filin jirgi, ba shi da abin kallo sai wani baƙo mai soya albasa, shi ma da an yi hadari ya ɗauke? Bai tambayi kowa ba, don kyauta ba a yi mata shela. Ranar da Maikano ya tafi garin Ƙofa ta'aziyya, sai ga mota da masu haɗa dish.

Maikano ya dawo da la'asar ya tarar da ƙofar gidansa kamar kasuwa. A tsakar gida ga wani dish mai raga, faɗinsa ya kai ɗan ɗaki. A zaure ga sabuwar talabijin, ana ta Hausa a ciki raɗau. Sandar ƙaramin dish kuwa tana tsaye tsirara.

Matarsa Tani ta tare shi da guɗa. "Malam, ka ga abin arziki! Masu haɗawa sun ce wannan ko ruwa ake kamar ƙarshen duniya ba ya ɗaukewa."

"Ba ya ɗaukewa," in ji Maikano a hankali. Kallo ɗaya ya yi masa ya san Si ne, mai yatsu uku, wanda ɗigon ruwa bai cika tare shi ba.

"Ko kaɗan! Kuma babba ai ya fi gani. Yanzu tun hadari yana Doguwa za ka hango shi."

"Ina ƙaramin?"

"Na yi shanyar kuɓewa a ciki. Ka ga yadda yake ɗaukar rana kuwa?"

Maikano ya waiga. Can gefe ga Lukman a durƙushe, yana murmushi da ƙasa. In Maikano ya ce kyautar nan ta makantar da shi, kafin magariba maganar ta zaga Dangora, kafin suna ta isa Tudun Wada: surukin ya raina abin da yaro ya kawo, a makon haihuwar jikansa. Da wane ido Zaituna za ta koma ɗakinta? In kuma ya yi shiru, gobe unguwa gaba ɗaya za ta baza masararta a kan dutse, har da tasa, ta dogara da ƙarfen da ba shi da ido. Ya juya ya fuskanci darbejiya.

"A gaya wa mutumin Tudun Wada, Allah ya yi albarka. Allah ya saka da alheri."

Washegari da hantsi dutse ya yi fari fat da masara. Maikano ya aika a kira Malam Sunusi, ya ja shi bayan rumbu, inda ba mai zuwa sai kaji, ya gaya masa komai. Malam Sunusi ya yi dariya har rawaninsa ya kwance.

"Yau ga boka an sace masa ƙwarya! To me kake so da ni?"

"Idonka. Ni zan riƙe dish, kai ka kalli mai girki."

"Ni? Da furfurata in zauna kallon ƙato yana suya?"

"Masararka buhu nawa ce a kan dutsen?"

Malam Sunusi ya gyara rawani. "Kawo tabarma."

Satar dish ɗin ita ce aiki. Sai da Tani ta shiga ɗakin mai jego, Maikano ya lallaɓa da gwiwarsa mai ciwo, ya juye kuɓewar a kan wani tsohon buhu, ya rungumo dish ɗin kamar ɓarawon tukunya. Ya kwaso tsohuwar dikoda da 'yar talabijin da batir daga inda aka jibge su. Ya kifa turmi ya ɗora dish a kai, ya saita shi da kan wata giginya da ya daɗe da sanin cewa tauraron yana bisa kanta, ya riƙa cusa totuwar masara a ƙarƙashi yana cirewa.

"Me ka gani?" in ji Maikano.

"Yayyafin ƙasa."

"Yanzu fa?"

"Tsaya! Ga gashin baki. Ya tafi. Koma inda kake. Kai, hannunka rawa yake kamar na mai satar farko. Yauwa, ga shi. Kifi yake wankewa."

Haka suka wuni, in ban da salla. Mai girki ya gama kifi ya shiga kaza. Malam Sunusi, wanda ya zo da ƙyama, ya fara ba shi shawara. "Mai ya yi yawa, bawan Allah. Wa zai ci wannan?" A can zaure kuwa matasa sun cika maƙil, Lukman a tsakiyarsu tunda surukinsa ba ya nan, ana ta shewa.

Bayan azahar gabas ta fara duhu. Ba wani baƙi na tashin hankali ba, irin wanda aka saba gani ya watse. Mata a kan dutse suka ɗaga kai, suka aiko a leƙa zaure. Aka koma aka ce musu hoto garau, bai taɓa yin kyau irin na yau ba. Suka koma hira.

"Na-Rada," in ji Malam Sunusi, muryarsa ta sauya. "Hancinsa ya rabu da fuskarsa."

"Ka tabbata ba idonka ba ne?"

"Ga shi kuma ya daskare da murfin tukunya a hannu. Kai! Ya farfashe!"

Maikano ya saki dish, ya manta da gwiwa. Ya ratsa tsakar gida, ya wuce ta zaure ta tsakiyar matasa, ya ɗauki guduma ya shiga dukan ƙarfen layin dogo kamar mai kiran 'yan makaranta da suka makara. Matasa suka fito suna dariya.

"Baba, lafiya? Hoto fa garau yake!"

"Ku kwashe!"

"Baba, zo ka gani da idonka, ko ɗigo babu a jikinsa."

"Na ce ku kwashe!"

Ba wanda ya motsa. Daga kan dutse mata suka tsaya riƙe da tsintsiya, suna jin ƙarfe yana cewa abu ɗaya, 'ya'yansu suna ɗaga hannu suna cewa wani. Lukman na tsaye a bakin zaure. Kalma ɗaya za ta wadatar, amma a gabansa za a faɗe ta. Maikano ya ci gaba da duka, gumi na zuba, bakinsa a rufe.

Sai ga Malam Sunusi ya fito daga cikin gida a guje, ba takalmi, rawani na jan ƙasa a bayansa, mutumin da ba a taɓa ganin ya ɗaga ƙafa da sauri ba ko a gobara.

"Jama'a! Mai girki ya farfashe! Da idona na gani a bayan rumbu! Ya farfashe har tukunyar!"

Ai kuwa kamar an watsa wa kaji tsaba. Duk Dangora an san mai girki, an kuma san Alaramma ba ya shaidar zur. Maza da mata suka kwasa sai dutse. Masu tsintsiya na tarawa, masu kwano na ɗurawa, wani ya tuɓe babbar riga ya mai da ita buhu. Wata tsohuwa da ta shekara tana cewa ƙafarta ta mutu ta wuce jikokinta a guje. Tani na tafe tana kiran sunayen buhunanta kamar za su amsa. Iska ta taso mai sanyi, ta ɗauke hular mai unguwa, ba wanda ya bi ta, har shi. Lukman kuwa buhu bibbiyu yake ɗauka, ya kai ya dawo, ya kai ya dawo, bai dubi kowa ba. Ana jan tamfol a kan tarin ƙarshe ɗigon farko ya faɗo, mai kauri kamar ƙwallon goriba. Sannan sama ta kece.

Aka tsaya a rumfuna ana haki ana dariya. A zaure sabuwar talabijin na ta aikinta garau, ba kowa a gabanta.

Da Lukman ya kai buhun surukinsa na ƙarshe gindin rumbu, ya ga abin da ke bayansa: turmi a kife, dish a karkace, totuwa a warwatse, 'yar talabijin an rufa mata tabarma. Gefe guda ga akuyar nan Eks a ƙarƙashin rumbu tana lasar baki a kan tsohon buhu. Ya daɗe a tsaye ruwa na dukansa.

Asara ɗaya aka yi a unguwar, ita ce kuɓewar Tani, kuma ba ruwa ne ya ci ta ba.

"Wato ni aka yi wa fashi," in ji ta da yamma, hannu a ƙugu. "Tsofaffi biyu, ɗaya har da rawani. Me ya hana ka gaya mini tun jiya?"

"Ke da kika yi guɗa?"

"To da kuka zan yi? Kuma yaron nan ko abinci bai ci ba. Ya aiko wa Zaituna wai kunya ba za ta bar shi ya sake taka ƙofar gidan nan ba."

Wannan ita ce maganar da Maikano ke tsoro. Sai ya ce a kira masa Alaramma.

Ranar suna, bayan an yi addu'a an raɗa wa yaro Mujitaba, ana rabon goro, Malam Sunusi ya yi gyaran murya.

"Na-Rada ya ce in faɗa, don shi bakinsa sai karatun awaki. Ya ce a inda ya yi aiki, ba a dogara da ido ɗaya. Kun tuna shekarar da batir ya yi sanyi, hoto ya ɗauke, ya sa muka kwashe masara rana tsaka ba ko gajimare?" Aka fashe da dariya, an tuna. "To, ya ce yanzu an gama da wannan. In ƙarami ya ɗauke babba ma ya ɗauke, wuta ce, kowa ya zauna. In ƙarami ya ɗauke babba na tsaye, ruwa ne ba makawa. Ya ce shekara da shekaru yana son na biyun, Allah bai hore masa ba sai ta hannun mutumin Tudun Wada."

Aka ɗauki kabbara. Lukman, can a ƙarshen tabarma, ya ƙara sunkuyar da kai, amma an ga kunnuwansa sun motsa. Maikano ya dubi darbejiya ya ce mata, "Haka ne."

Kashegari da ya dawo daga gaida mai unguwa, ya tarar da ƙaramin dish a kan sandarsa, an kankare tsatsar, an shafa masa fenti. A zaure talabijin biyu na gefe da gefe, mai girki na yanka albasa, fuskarsa tas kamar ba abin da ya taɓa samunsa. An saita shi cif, cif ɗin da ya wuce kima. Maikano ya ɗauko sifana don ya sassauta, ya kai hannu, sai ya ji ƙusar gefe a kwance take. An ɗaure sauran tamau, an bar masa wannan ɗaya.

Ya waiga. Lukman na durƙushe nesa, takalmi a hannu, yana duban ƙasa. Maikano ya mai da sifana aljihu, ya ɗaga gefen hannu, ya ɗan doki dish ɗin ya karkace kaɗan.